Iliya Mai Rediyo, Wanda Ya Mayar da Feda Hammata

Da kakar bana Iliya mai rediyo ya cika shekara goma sha ɗaya da barin duniya. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa ina ɗagawa, don hannuna ya fi sabawa da tsirkiyar jita a kan alƙalami. Amma tsararrakinmu sai raguwa suke yi a Dogon Dutsi, kuma idan mu da muka zauna da shi ba mu faɗa ba, ban san wanda zai faɗa ba.

Sunana Garba. A Geceme aka haife ni, kuma shan inna ta kama ni tun ban yi wayo ba, ta tafi da ƙafafuna biyu. Da sauran yara suka kama hanyar gona, ni gurumi na kama. Da na zama saurayi kawuna ya ɗauko ni ya kawo ni Dutsi, ya samo mini keke mai tuƙin hannu, a nan na fara ganin jita mai aiki da lantarki a gidan matasa. Ban daɗe ba na shiga ƙungiyar makaɗan garin. Ni ne mai jan kiɗa, sauran suna bi. A zaune nake yi, kan kujerar ƙarfe a gefen dandali, kuma ban taɓa jin zaman ya rage ni da komai ba.

Shagon Iliya yana bakin kwalta, kusa da tasha. Kirista ne, gidansu na unguwar da ke bayan coci, ya koyi gyaran rediyo a wata lakwal, wato makarantar sana'a, a Yamai ya dawo gida. Dogo ne, mai yawan dariya, kuma idan aka kawo masa abin da ya lalace ba ya fara buɗewa sai ya kunna, ya karkata kai, ya saurara. Shi ke gyara lasifikar masallacin unguwarmu, shi ke gyara ta cocinsu, shi ke fama da tsofaffin kayan ƙungiyarmu. Ta nan muka saba. Kowace safiya nakan tsayar da kekena a ƙofar shagonsa, mu sha shayi, yana liƙin dalma ina yi masa surutu. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Ɗan Geceme.

Wata shekara, ana gama damina, wani ɗan garinmu mai suna Lawali ya dawo daga Kwatano inda ya yi zaman kiɗa. Ya zo da jitarsa, ya kuma zo da wani baƙin akwati mai kama da totur ɗin mota, wanda makaɗa ke kira feda. Ana jona shi tsakanin jita da lasifika. Idan mai kiɗa ya taka gaba sai sautin ya buɗe, idan ya mayar da diddige sai ya rufe, jita ta riƙa cewa wa, wa, kamar tana da baki. Ran da ya fara takawa a gidan matasa har masu sayar da gyaɗa a waje sai da suka shigo kallo. Ni kuwa ban taɓa jin abin da na so kamarsa ba, kuma tun kafin ya gama na gane ba don irina aka yi shi ba.

A lokacin ana shirin wata gasar makaɗan matasa a Doso. Shugaban ƙungiyarmu, wanda muke ce wa Shef, ya same ni bayan an tashi daga gwaji. Bai yi mini wulaƙanci ba, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya tsuguna kusa da kekena ya ce, "Garba, ka ji da kunnenka. Duk ƙungiyar da za ta zo Doso da irin wannan za ta zo. Lawali zai ja kiɗa, kai ka koma baya ka riƙe masa." Na ce to. Lawali ya ba ni fedar in gwada. Na ɗaga ƙafata da hannu na ɗora a kai, ta zame ta faɗi. Na danna da tafin hannu, sautin ya fito, amma hannun da zai kaɗa tsirkiya shi ne a ƙasa. Ba wanda ya yi dariya, kuma shirun ya fi dariyar ciwo.

Na daina zuwa shan shayi. Na fara maganar komawa Geceme in ci gaba da gurumina a gidajen biki. Iliya ne ya biyo ni har gidan kawu, ya same ni a zaure. Da na gama ba shi labari bai ce mini in yi haƙuri ba, tambaya ya yi: "Abin ga, Lawali zai yarda in buɗe shi?" Lawali ya yarda, kuma wannan alherin nasa ban manta ba, don a duk garin ba a da wani irinsa idan ya lalace.

A gabana Iliya ya kwance kusoshin. Ya daɗe yana kallon cikin, yana motsa abin takawar da yatsa, sannan ya fashe da dariya. Ya ce, "Ɗan Geceme, zo ka gani. Ka san maɓallin da kake murɗawa ka ƙara muryar rediyo? To ɗan'uwansa ne ga shi nan. Ƙafa ba ta yin komi sai murɗa shi. Wanda ya ƙera wannan shina da ƙafa biyu, shi ya sa ya ɗauka kowa ma haka yake. Sautin bai san ƙafa ba." Ya zana yadda wayoyin suke, ya mayar da kusoshin, ya kai wa Lawali kayansa lafiya.

Haɗa abin da ke sauya sautin bai ba shi wuya sosai ba, don tsofaffin rediyoyi sun cika masa shago, ya yi ta ciro abin da yake so daga cikinsu. Inda aka sha fama shi ne da me zan murɗa maɓallin. Ya yi na gwiwa, gwiwata ba ta da ƙarfin tura komai. Ya yi wani da ake cizawa kamar bakin lofe, yawu ya jiƙa shi, lantarki ya ɗan ja ni a harshe, na tofar na ce ko za a ba ni Doso da abin da ke cikinta ba zan ƙara sa shi a baki ba. Ya yi na gwiwar hannun dama, ya hana ni kaɗa tsirkiya daidai. Matarsa Rifkatu ta ce ko abinci aka ajiye masa sai ya riƙa kallon yadda mutane ke motsi, yana neman gaɓar da mai jita bai ba ta aiki ba.

Ran wata kasuwa ne ya samo ta. Mahauta suna wani shagali nasu, masu kalangu suna yi musu kiɗa. Sai ga Iliya ya shigo shago da sauri har yana tuntuɓe da kekena. Ya ɗaga hannuna na hagu, ya cusa mini wani ɗan kwali a hammata, ya ce, "Matsa. Saki. Ƙara matsawa. Yanzu yi kamar kana kama tsirkiya." Na yi, yatsuna suna tafiya, kwalin yana nan. Ya ce, "Tun kakanninmu mai kalangu da hammata yake sa ganga magana, mu muna nan muna neman ƙafa."

Abin da ya ƙera ɓangare biyu ne. Na hammata katako ne guda biyu masu lanƙwasa, da maɗauri a gefe ɗaya, da sifirin na sirdin keke a tsakani, baduku ya lulluɓe su da jar fata ya yi musu igiyar ratayawa a kafaɗa. Daga nan waya ta sauka zuwa akwatin da ke ƙasa, wanda masu zubin tukwane suka zuba masa da sanholo. Na farkon ya yi aiki, amma bai jima ba ya fara ƙarar ƙaiƙayi, don gumi da rairayin Dutsi sun shiga maɓallin. Iliya ya ce duk abin da ke gogar wani abu a ƙasarmu rairayi zai ci shi, saboda haka a daina guga. Ya cire maɓallin gaba ɗaya. Ya sa ɗan ƙwan fitila a gefe guda, a ɗaya gefen ya sa wani ɗan ƙaramin abu mai jin haske, a tsakaninsu ya sa guntun gwangwani. Idan na matsa, gwangwanin ya kare hasken. Idan na saki, ya buɗe. Haske ne ke juya sautin, kuma rairayi ba ya cin haske. Fedar Lawali tana aiki da wani batir mai kusurwa huɗu da sai an aika Yamai. Na Iliya da batirin babur yake aiki, wanda kowane ɗan kabu-kabu ya san inda ake samunsa.

Sauran aikin na kunne ne. Ya ce na waje kukan kyanwa yake yi, shi yana son namu ya yi magana kamar Ba'are, wato mutumin Arewarmu. Sai ya riƙa sa ni in faɗi kalma, in maimaita ta da jita, shi yana sauya wani ƙaramin abu a cikin akwatin yana karkata kai. Wani lokaci ya kira Rifkatu ta yi guɗa a ƙofar shago don ya ji inda muryar mace ke kaiwa. Masu jiran mota a tasha sun ɗauka mun taɓu. Maɓallai biyu ya sa wa akwatin, ya rubuta a kansu da Hausa: ɗaya Zurfi, ɗaya Kaifi.

Da na koma gidan matasa da shi, Shef ya saurara, ya jinjina kai, amma ya ce an riga an tsara, ba za a sauya ana gab da tafiya ba. Lawali ne ya ajiye jitarsa ya ce, "Shef, mi zai hana mu ja mu biyu? Ni in kira, shi ya amsa." Aka gwada. Kafin a kai ƙarshen waƙar mai ganga ya saki sanda yana ihu.

A Doso bayan la'asar aka kira mu. Samari biyu suka ɗauke ni suka ɗora kan dandali, na ji wasu a cikin taron suna cewa kai, har da gurgu. Iliya yana ƙasa a gefe, ya rufe shagonsa ya biyo mu, riƙe da batirin babur na biyu a cinya ko da na farko zai ba mu kunya. Lawali ya taka fedarsa ya kira, mutane suka yi tafi, don sun riga sun ji irinta sau da yawa a ranar. Ni kuma na matsa hammata na amsa masa da kirarin manoma, wanda ake yi wa gwanin noma ran gayya, irin wanda duk ɗan Arewa ya tashi da shi a kunne. Jitar ta faɗe shi gaɓa gaɓa. Mutane suka riƙa leƙen ƙafafuna suna neman abin da nake takawa, ga su nan a lanƙwashe ba sa motsi. Sai wata tsohuwa, daga baya na ji 'yar Dumega ce da ta zo ganin jikarta, ta miƙe ta rangaɗa guɗa, ta ce da ƙarfi, "Wallahi magana takai!" Daga nan ban ƙara jin kaina sosai ba saboda ihu. Mutane suka riƙa ba jitar amsa kamar yadda ake ba maroƙi. Na duba gefe na ga Iliya ya ajiye batirin a ƙasa, ya ɗaga hannu biyu sama, dogon mutum yana tsalle kamar yaro. Mu muka zo na ɗaya. Da muka dawo, tun daga shigowa gari 'yan babur suka tare mu suka raka mu da ham har gidan matasa.

Abin da ya biyo baya ko Iliya bai zata ba. Mutum na farko da ya ce a yi masa irin nawa Lawali ne, mai ƙafa biyu lafiyayyu. Ya ce feda tana ɗaure shi wuri ɗaya kamar akuya a turke, shi kuwa yana son ya yi rawa, ya sauka cikin mutane. Bayan shi makaɗa suka fara zuwa daga Tibiri, daga Ƙonni, daga Yamai, har daga hayin iyaka ta wajen Kabi. Aka sa masa suna ɗan hammata. Wani ɗan kasuwa ya taɓa ba Iliya shawara ya manna wa akwatin sunan wani kamfanin waje don ya fi shiga. Iliya ya ce masa, "In ya lalace, can za su kai shi gyara?" Ya sa masu zubi suka riƙa fitar da sunan Dogon Dutsi a jikin murfin. Kuma bai taɓa yin biyu iri ɗaya ba. Sai ya auna hammatar mutum da igiya, ya sa shi ya yi kiɗa, ya saurara, sannan ya san ƙarfin sifirin da zai sa masa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu yaro yana zaune a ɗaki da salula ko kwamfuta, ya sa jita ta yi kowane irin kuka ba tare da akwati ko ɗaya ba. Kasuwa ta cika da ƙananan fedoji masu araha, masu fitilu kala-kala, waɗanda idan suka mutu sai a jefar. Wasu abokanmu tsofaffi suna ganin wannan lalacewa ce. Ba na jin Iliya zai bi su. Mutumin da na sani zai karɓi salular ne ya juya ta, ya nemi inda kusoshinta suke, ya kwana biyu bai kula kowa ba. Abin da zai ɓata masa rai shi ne kayan da aka liƙe da gam don kada a buɗe. Yakan ce wanda ya hana ka buɗe abin da ka saya aro ya ba ka. Kuma na tabbata zai yi tambayarsa ta kullum: wa aka manta da shi lokacin da ake ƙera wannan?

Garin ma ya sauya. Matasa da yawa sun kama karatun addini da gaske, kuma wasunsu ba sa son kiɗa. Babban ɗana yana cikinsu, yana da shagon kayan lantarki a kasuwa, ba ya zuwa inda nake wasa, ni ma ba na tilasta masa. Amma ran da wani abokinsa ya yi wata magana maras daɗi a kan Iliya, a gabana ya tsayar da shi. Ya ce, "Kiɗa dai ka san matsayina. Amma mutumin nan shi ya riƙe babana a sana'arsa, da ita aka ciyar da ni aka kai ni lakwal. Kada ka ƙara." Da Iliya ya ji wannan, na san dariya zai yi, ya ce yaron ya gado taurin kan Ɗan Geceme.

Rashin lafiyar Iliya ba ta yi tsawo ba. Ana cikin yankan hatsi ya kwanta, kafin a gama ɗaurin damma ya tafi. Ran jana'izarsa cocin bai ɗauki mutane ba. Mahauta sun zo, 'yan tasha sun zo, limamin unguwarmu ya zo ya zauna a inuwa tare da dattawa har aka gama. Makaɗa suka zo daga garuruwa, kowa da ɗan hammatarsa a rataye, jar fatar wasu ta koma baƙa saboda gumi. Rifkatu ta ce in yi masa kiɗa. Na ce ban san waƙoƙin coci ba. Ta ce, "Shi ma ba su yake son ji daga wurinka ba. Yi mashi na manoma." Na yi, sauran suka amsa, kuma ban taɓa jin jitoci da yawa haka suna magana da baki ɗaya ba.

Shagon bai rufe ba. 'Yarsa Maryamu, wadda ta yi karatun lantarki ta dawo, ita ke riƙe da shi. Yawancin aikinta yanzu salula ne da faifan hasken rana, amma ba ta bar ɗan hammata ba. Nata ya fi na ubanta ƙanƙanta da sauƙi, ba shi da doguwar waya, kuma da cajar salula ake cika shi. Da ta kawo mini na gwada, na ce mata ya fi na da. Ta ce, "Baba Garba, kada ka faɗa don ka faranta mini." Na ce, "Ɗiyata, ubanki bai taɓa yarda in yaba abin da bai yi kyau ba, ba zan fara a kanki ba." Ta yi wa wani makaho mai kiɗan coci akwati mai maɓallai daban-daban, ɗaya zagayayye, ɗaya mai kusurwa, ɗaya mai tsaga, don yatsa ya gane su. Ba wanda ya ce ta yi, ita ta ga yana laluben nasa.

Watannin baya aka gayyace ni biki a Tibiri, ba don in yi wasa ba, ɗaurin auren ɗan wani aminina ne. Da hantsi wasu samari suka kafa kayansu. Mai jitarsu yana da ɗan hammata, amma da na duba sai na ga ba na Iliya ba ne, ba kuma na Maryamu ba. Wani ne can ya kwaikwaya, da fatar roba da sifirin na katifa, kuma yana aiki. Da suka huta na tura kekena kusa da shi, na tambaye shi wa ya ƙirƙiro wannan abu. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Baba, wannan ai tun da can akwai shi. Haka mu 'yan Arewa muke kiɗa."

Na so in yi fushi, sai na ji dariya ta kama ni. Ba wanda ke tambayar wa ya fara ƙera kalangu ko gurumi. Abu ne namu, shi ke nan. Aikin da mutum ɗaya ya yi wa abokinsa ɗaya a wani ɗan shago bakin tasha ya shiga wannan sahun tun 'yarsa tana da ƙuruciyarta. Ban san wani girma da maƙeri zai nema da ya wuce wannan ba. Duk da haka ban bar saurayin ya tafi haka ba. Na ce ya jawo kujera, na gaya masa sunan Iliya, na sa ya maimaita. Sannan na ce ya miƙo jitar.